Makon da Takyif Ɗinmu Ya Mutu

Muna zaune a hawa na huɗu na wani bene a Hay el-Sabi'. Samanmu babu kowa sai rufin kankare da tankunan ruwa, don haka duk zafin da ya sauka a kan rufin, cikin ɗakunanmu yake ƙarewa. Shi ya sa a gidanmu ba a wasa da na'urar sanyaya ɗaki, wadda Masarawa ke kira takyif, mu ma muka bi bakinsu. Guda ɗaya ne gare mu, fari, a manne a bangon falo. A gefensa akwai wata 'yar fitila koriya kamar ƙwayar gero, wadda take nuna yana aiki.

Abbana ɗalibi ne, yana karatun digiri na uku a fannin fiƙihu. Larabcinsa na littafi ne. Idan ya je sayen tumatir, mai shagon yakan saurare shi har ya gama, sannan ya ce sadaƙallahul azim. Umma kuwa ta iya gaisuwa da sunayen kayan miya, a nan ta tsaya. Ni ce nake makarantar 'yan mata ta unguwar, ni ce bakina ya kama Larabcin titi. Saboda haka duk maganar da ta haɗa gidanmu da Masarawa ni ake turawa gaba, ni da ko a aji ba na ɗaga hannu.

A hutun ƙarshen shekarar karatu ta bara, a tsakiyar zafi, Kaka, mahaifiyar Abba, ta zo daga Azare don a yi mata aikin yanar ido a wani asibiti da ke Mohandessin. Likita ya yi mata kashedi tun ranar farko: bayan aiki, kada ruwa ko gumi ya shiga idon har mako guda. Kaka kuwa mace ce mai gumin goshi. Ko shayi ta sha sai ka ga ya tsattsafo mata a kan gira. Abba ya mayar da gadonta falo, daidai inda sanyin takyif yake sauka, ya ce a nan za ta yi jinya. Aka sa ranar aiki Alhamis.

Ranar Asabar takyif ya mutu.

A lokacin ana ɗauke wuta kusan kullum da rana. Ranar an ɗauke bayan azahar. Wajen la'asar Kaka ta ce in kawo mata ruwan sanyi kafin ya huce, na je na buɗe firji, sai wutar ta dawo ina tsaye a gabansa. Ƙwan fitilar da ke ciki ya haska fari tas, fiye da yadda na taɓa gani, sannan ya yi ɗas ya mutu. Daga falo ma na ji wata 'yar ƙara kamar an karya tsinke, wani wari kamar na ƙonanniyar roba ya biyo baya, bai daɗe ba ya wuce. Firji ya ci gaba da gurnaninsa. Takyif kuwa ko motsi. Abba ya danna rimot, ya canza batir, ya sake dannawa. Koriyar fitilar ba ta dawo ba.

Daga baya na kwance ƙwan firjin. Cikinsa ya yi baƙi mai sheƙi, ya ba ni sha'awa, na jefa shi a gwangwanin alewa inda nake tara tikitin metro da maɓallai.

Mai gidan da muke haya wata dattijuwar Bamasariya ce da ke zaune a hawa na biyu. Hagga muke ce mata, wato Hajiya. Da na sauka na gaya mata, ba ta damu ba. Ta ce ai ɗanta da ke aiki a ƙasar waje ya yi wa gidan inshora, har da kayan wutar da ke manne a bango. Ta ɗauko takardun a cikin wata leda mai ruwan hoda ta ba ni in kai wa Abba.

Abba ya zauna ya karanta su layi-layi da yatsa, kamar yadda yake karanta littattafansa. Na san shi da abokansa sun sha gardama a falon nan kan hukuncin inshora, har shayi ya huce ba su daidaita ba. Amma ranar ya ce yarjejeniyar ba tasa ba ce, na'urar ma ba tasa ba ce, don haka ba shi da ta cewa. Ya yi mana bayanin abin da ya gani. Idan ɓarnar ta zo farat ɗaya, kamar gobara ko wuta ta dawo da ƙarfi, kamfanin zai gyara, idan kuma ba ta gyaruwa ya kawo sabuwa. Idan kuwa tsufa ne ko rashin kula, babu ruwansu. Za su turo mutum ya duba ranar Litinin.

A duk bayanin nan Hagga kalma ɗaya ta riƙe, wato sabuwa. Ta tare ni a matakala, ta kama wuyan hannuna, ta ce idan mutumin ya zo in ce kawai ya mutu, kada in ja magana. Da na gaya wa Abba, sai ya dube ni ta saman tabarau.

"Abin da aka tambaye ki, ki faɗi abin da kika gani," ya ce. "Kada ki ƙara, kada ki rage."

Matsalar ita ce na ga abu da yawa.

Umma 'yar Maiduguri ce, kuma duk wanda zai zo Masar daga can sai mahaifiyarta ta ba shi kwalbar turaren wuta ya kawo. Irin na gida ne, itace da aka jiƙa da man turare da sukari har ya yi danƙo. Tun shekarar da muka shigo gidan Umma ta gano wata dabara. Idan ta ɗora kasko a kan 'yar kantar da ke ƙarƙashin takyif, na'urar takan zuƙe hayaƙin ta sama ta busa shi ko'ina, har cikin labule da kayan sawa. Safe da yamma take yi. Matan ɗalibai idan sun zo sukan tsaya a bakin ƙofa su ja numfashi su ce sun iso gida, Umma ta yi murmushi ta ce ai ba komai ba ne.

Wata da watanni ina ganin wani siririn layi ruwan ƙasa yana gangarowa daga kusurwar takyif zuwa bango. Na taɓa shi, yana da danƙo kamar zuma, yana ƙamshi. Na lura kuma iskar ta rage ƙarfi, don da can takan kaɗa kalandar da ke ɗaya bangon, daga baya ta daina. Nakan goge layin da tsumma in yi shiru. Turaren nan shi ne abin da Umma take ji da shi a garin da ba ta jin maganar mutanensa, ban san ta inda zan fara ba.

Ranar Litinin Abba ya tafi Mohandessin karɓo sakamakon gwajin Kaka. Umma ta share gida, ta goge, ta haɗa zoɓo da citta da kanumfari ta sa a firji. Tunda baƙo zai shigo, kuma a wajen Umma ba a tarbar baƙo gida babu ƙamshi, sai ta hura gawayi a babban kaskonta, ta zuba turare fiye da na kullum, ta ɗora a inda ta saba. Ina tsaye ina kallo. Na buɗe baki sau biyu ina rufewa, a na ukun aka danna ƙararrawa.

Hagga ce a gaba tana haki, mutumin inshora yana biye. Gajere ne mai furfura, da jaka a kafaɗa da 'yar tocila a aljihun riga. Ya ga takalma a jere a bakin ƙofa, ya cire nasa ba tare da an ce masa ba. Ya gaida Kaka da ke zaune a bakin gado tana jan carbi, ya yaba ƙamshin gidan. Sannan idonsa ya bi hayaƙin, wanda yake tashi a miƙe daga kasko zuwa cikin takyif.

Ya nemi kujera ya taka, ya ɗaga murfin, ya zaro ragar da ke tace iska. Ban taɓa sanin akwai ta a ciki ba. Ta yi kauri, ta yi ruwan ƙasa, kamar tsumman da aka tsoma a maɗi aka shanya. Ya kai ta hanci ya shinshina, ya yi 'yar dariya. Ya haska tocila cikin na'urar ya daɗe yana kallo.

Ya tambaya sau nawa ake kunna turare a wurin. Hagga ta yi caraf ta ce yau ne kawai, don girmama shi. Bai musa mata ba. Ya juyo gare ni.

"Ya binti, 'yata, ke ce kike zaune a nan. Sau nawa?"

Na fassara wa Umma tambayar don in sami inda zan ɓuya. Umma ba ta ji abin da Hagga ta faɗa ba.

"Gaya masa safe da yamma, tun da muka shigo," ta ce. Sai ta rage murya. "Ke, laifi ne?"

Na faɗa masa da Larabci, ina kallon yatsun ƙafata. Hagga ta tafa hannu ɗaya a kan ɗaya ta ce khalas, wato shi ke nan, ta zauna a kujera ta juya mana ƙeya.

Mutumin ya yi bayani a hankali, ni kuma ina mayarwa da Hausa. Ya ce hayaƙin yana da mai, man yana kama ƙura, su taru su toshe wa na'urar numfashi. Ya kamata a riƙa wanke ragar duk bayan 'yan makonni. A takardarsu wannan rashin kula ne, kuma ba sa biya. Kalmar rashin kula ta yi mini nauyi a baki, don a duk benen babu gidan da ake gogewa kamar namu, amma ban sami wata ba. Umma ta naɗe hannu da gefen hijabinta, ta ɗauki kaskon ta shige kicin, na ji ta zuba masa ruwa.

"Me Balaraben ya ce, 'yar Masar?" Kaka ta tambaye ni. Haka take kirana idan tana son tsokana.

Na ce ya ce ba za su gyara ba.

"To, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Sai a nemo mini mafici, ke kuma ki ci abinci da kyau, don hannun nan naki kamar sillen kara ba zai kai Alhamis ba."

Mutumin ya zauna ya fara rubutu. Na dubi goshin Kaka. Ko ƙarfe sha ɗaya ba ta yi ba, amma gumi ya riga ya jeru mata a kan gira, wani yana gangarowa ta gefen idon da za a yi wa aiki. Abba ya ce kada in ƙara, amma ya ce kada in rage, kuma ba a tambaye ni abin da ya faru ranar Asabar ba. Na shiga ɗaki na buɗe gwangwanina, na dawo na ajiye ƙwan firjin a kan tebur kusa da kofin zoɓonsa.

Na fara magana, ya ce in ɗaga murya bai ji ba. Na sake farawa. Na gaya masa yadda wutar ta dawo, da hasken ƙwan, da ƙarar da na ji daga falo, da warin roba. Ya ajiye biro. Ya tambaya ko na'urar a hankali ta yi ta rauni ko lokaci ɗaya ta mutu. Na ce duka biyun, ta daɗe tana rauni, amma har safiyar Asabar tana sanyi. Ya tambaya ko koriyar fitilar ta ci gaba da kamawa bayan haka. Na ce ko sau ɗaya.

Ya ɗauki ƙwan ya ɗaga shi wajen taga, ya juya shi. Ya ce na'urar da ta toshe takan kama, ta yi ta nishi ba sanyi, amma fitilarta ba ta mutuwa. Ya sake taka kujera, ya ciro sukundireba, ya kwance wani murfi a gefen dama, ya zaro wani ɗan allo kore mai ƙananan ƙarafa. Karta ya kira shi. A tsakiyarsa akwai baƙin tabo kamar girman farcen babban yatsa. Ya sauko da shi ya nuna mini, ya nuna wa Hagga, har Kaka ya miƙa wa, ita da ba ta gani sosai, ta shafa ta ce Allah ya kyauta.

Ya ɗauki hoton allon, da na ƙwan, da na ragar ma. Ya ce abu biyu ne, kuma duka biyun zai rubuta. Ƙonewar karta wuta ce ta jawo, wannan kamfani zai canza. Wankin na'urar na masu gida ne, kuma sai an wanke kafin a sa sabon allo. Sabon takyif kuwa babu, tunda wannan yana gyaruwa.

Hagga ta taso masa. Ta ce na'urar ta tsufa, ta ce ɗanta bai taɓa fashin biya ba, ta ce maƙwabciyar ƙanwarta an ba ta sabuwa fil. Ya bar ta ta gama, ya ce ma'alish ya Hagga, wato ta yi haƙuri, ya ci gaba da rubutu.

Na tambaye shi yaushe. Ya ce takarda takan ɗauki mako guda, wani lokaci kwana goma. Na ce masa ranar Alhamis za a yi wa kakata aiki, na faɗi abin da likita ya ce game da gumi. Kaka ta gane ana maganarta, ta ɗora yatsa a ƙarƙashin idonta ta ce masa da Hausa, "Wannan ne, ɗan nan." Ya ce an yi wa mahaifiyarsa irinsa. Zai tura rahoton a ranar, ya rubuta a kai cewa akwai marar lafiya, amma ba zai yi alkawarin abin da ba a hannunsa yake ba. Ya shanye zoɓon, ya ce bai taɓa shan karkade, zoɓon ke nan a bakinsu, mai yaji ba, ya sa takalmansa ya tafi.

Da Abba ya dawo na ba shi labari duka. Umma tana kicin, ta ƙi fitowa. Ya je ya tsaya a bakin ƙofa ya ce mata shi ma shekara biyu yana jin daɗin ƙamshin, kuma bai taɓa ɗaga murfin ya ga abin da ke ciki ba. Washegari ya kawo mai wankin takyif. Mutumin ya rataya wata leda mai bututu a ƙarƙashin na'urar ya yi ta fesa ruwa, ruwan yana sauka a bokiti kamar shayi. Ragar kuwa ni da Umma muka wanke ta a baho da ruwan zafi da sabulun kwanuka, sai a wanki na huɗu muka ga ashe fara ce. Hagga ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata.

Laraba ta wuce ba a kira daga kamfanin ba. Alhamis aka yi aikin da safe, bayan azahar Abba ya dawo da Kaka a tasi, an rufe mata ido da auduga da filasta. Falon kamar an buɗe murhu. Juma'a da Asabar kuma ba a aiki a ofisoshi, duk mun san haka, ba wanda ya faɗa.

Muka rufe tagogin katako tun hantsi. Umma ta riƙa goge tayil da ruwan sanyi, ta yanka wani tsohon farin mayafi gida huɗu, ta riƙa ɗaura wa Kaka a goshi tana canzawa idan ya jiƙe. Ni da ita muna karɓa-karɓa da mafici. Kaka tana sallah a zaune, tana nuni da kai, ni ina gefe da auduga a hannu. Da yammacin Alhamis ɗin aka ƙwanƙwasa ƙofa, na buɗe na ga Hagga ta rungumo fankarta mai tsayi, ta hawo da ita hawa biyu. Ba ta dube ni ba. Ta ce in juya fankar ta fuskanci bango, kada iska ta bugi idon kai tsaye. Ta leƙa ta ce wa Kaka salamtik, wato sannu da jiki, Kaka ta ce mata na gode, ta sauka.

Ranar Juma'a wajen ƙarfe uku aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya. Kaka ta yi gyangyaɗi, ɗaurin goshinta ya zame. Na ga ɗigo ɗaya ya taso daga gira yana bin gefen hanci zuwa bakin filastar. Na tare shi da auduga, na taɓa ta fiye da yadda na so. Ta buɗe ɗaya idon.

"Ke, likita ya bar mini ido, ke za ki cire?"

Na ce gumi ne.

"To share, amma a hankali. Ba allon makaranta ba ne."

Asabar ma haka muka yi ta. Gefen filastar ya ɗan saki, Abba ya kira asibiti, suka ce a ƙara wata a kai, kada a buɗe. Kafaɗata ta yi tsami har ba na iya ɗaga hannu in ɗaura ɗankwali.

Lahadi da safe wayar Hagga ta yi ƙara, ta ƙwala mini kira daga matakala ta ce mutanen kamfanin suna hanya. Kafin azahar mai gyara ya iso da sabon allo a cikin kwali. Aikin bai kai minti ashirin ba. Ya ɗaura, ya mayar da murfi, ya miƙo mini rimot ya ce in danna. Na danna. Na'urar ta yi ƙara sau ɗaya, bakinta ya buɗe a hankali, iska ta fito da ƙarfin da na manta tana da shi. Ya sa Hagga ta sa hannu a takarda, ya nuna wa Umma yadda ake zare raga da mayarwa, ya sa ta yi da kanta sau biyu.

Muka rufe ƙofar falo. Bayan kamar rabin awa Umma ta kwance wa Kaka ɗaurin goshi, ta shafa wurin da bayan hannu, ta ce a bushe yake. Na matsa kusa na duba filastar, ita ma a bushe. Kaka ta gyara kwanciya ta ɓangaren da likita ya yarda, ta ce in rage sanyin kaɗan, in kuma lulluɓe mata ƙafafu. Na ɗauko zane na rufa mata. Kafin a kira la'asar ta yi barci.